Yadda Na Kai Gwadon Gwaggo Ladi Yawunde

Tun da na dawo daga Kamaru bakina bai huta ba. Wanda ya kawo rediyo gyara sai ya tambaya, wanda bai kawo komai ba ma sai ya ja benci ya zauna a ƙofar shago yana son jin yadda ta kaya. Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakina, domin na lura kullum ina ƙara wa kaina wayon da ban yi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, mai tambaya in miƙa masa, in ci gaba da aikina.

Sunana Habibu, gyaran rediyo da talabijin nake yi a bayan kasuwar Suleja. Injiniyan da ake kirana rabi girmamawa ne rabi tsiya, don kowa ya san shekara ɗaya na yi a makarantar fasaha na dawo gida hannu rabbana. Abin yana ci mini rai, ban dai taɓa faɗa ba sai yau.

Gwado ne ya kai ni. Tun da ma'aikatan Abuja suka cika garin nan da haya, matanmu suka shiga kiwon kajin turawa, don an sami masu cin ƙwai. Sai dai 'yan tsaki ba sa jure sanyin marka. A ɗauke wuta kwana biyu, a kunna musu fitilar kananzir, hayaƙi ya kashe rabi, sanyi ya ƙarasa sauran. Matata Binta ta yi asarar da ta sa ta kuka. Ni kuwa na san siririyar wayar nan da ake warwarowa daga mataccen taransifoman rediyo tana yin ɗumi in an jona ta da batirin babur. Na ɗinka ta a jikin tsumma, ta yi ɗumin, amma ninki biyu sai ta tsinke. Wata uku ina fama ina zage-zage.

Ana nan sai Gwaggo Ladi ta zo duba Binta. Ƙanwar mahaifina ce, a Bagama take zaune, ta tsufa a kan kaɗi da saƙa. Ta tsaya ta kalle ni, ta ɗauki ƙullin wayar ta ƙulle a bakin zaninta, ta tafi da shi. Bayan mako biyu ta aiko mini da abawa, zaren nan mai kauri, ga wayar kwance a cikin audugar ba ka ko ganinta. Da ita ta saƙa gwado. Ni kuma na kawo wata 'yar ƙwaya kamar wake da nake cirowa daga matattun talabijin, mai rage wuta da kanta in ɗumi ya isa, ita ma Gwaggo ta binne ta a cikin saƙar. A ninka, a wanke, a shanya, yana nan yana aiki. Shekara uku muna yi, ita da kaɗi da saƙa, ni da jona waya da kai wa kasuwa. Gari ya sa masa suna gwadon Injiniya, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba.

Maƙwabcina Chukwudi, mai sayar da kayan gyaran mota, shi ya fara tayar mini da hankali. Ya ga wasu fatake daga Garwa ta Kamaru sun sayi biyar a tashi ɗaya, ya ce waɗannan ba kaji gare su ba, kwancewa za su yi su kwaikwaya.

"Injiniya," in ji shi, da Hausarsa ta kasuwa, "in ba ka yi rajista ba, wata rana kai da kanka za ka saya wannan abu, da sunan wani a jiki."

Maganar ta zauna mini. Na shiga Abuja na yi tambaya, wani ma'aikaci mai kirki ya ce lallai akwai takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke hana kowa yin abin da ka ƙirƙiro sai da izininka, amma tamu iyakarta bakin iyaka. Ƙasashen renon Faransa kuwa ofis ɗaya suka haɗa a Yawunde, takarda ɗaya ta ishe su duka. Da na ji haka sai kwaɗayi ya ce mini a fara da babba. A gaskiya ba fataken Garwa ne suka fi damuna ba. So nake in ga sunana a takarda mai hatimi, in rataye ta a shago inda masu kirana Injiniya da gatse za su gani.

Na yi shiri irin wanda na sani. Mu nan in ana rigimar gona, wanda ya fi daɗewa yana nomanta, ya fi yawan shaidu, shi ke da gaskiya. Don haka na sa aka buga mini takarda da tafireta cewa ni Habibu shekara uku ina sayar da wannan gwado a bainar jama'a. Mai unguwa ya sa hannu, limaminmu ya sa, faston cocin su Chukwudi ya sa, matan kaji suka dangwala yatsa har wuri ya ƙare. Na haɗa da hotona a kasuwar Sabon Wuse ina ɗaga gwadon sama, jama'a sun kewaye ni. Gwaggo kam ban nemi dangwalenta ba. Na dai je sallama na ce harkar kasuwa ce za ta kai ni Kamaru, ta ƙulla mini dakuwa, ta yi mini addu'a.

Na tashi ranar Litinin bayan asuba, damina na ban kwana. Wahalar mai ake yi, direbanmu ya ɗaure jarkoki a kan kayanmu, muka tafi muna shaƙar fetur. Shingayen hanya kuwa kafin Jos na daina ƙirgawa. A Gombe na kwana a masallacin tasha, jakata a ƙarƙashin kaina, washegari da la'asar muka shiga Jimeta, na sauka gidan wani abokin karatuna. Nan na buɗe jaka in fito da shaddata ta Sallah da na tanada don shiga ofis, sai na tarar batirin babur ɗin da na ɗauko ya kife, ruwansa ya cinye gaban rigar kamar gara ta shige ta. Gwaduna biyun da na ɗauko suna cikin leda, Allah ya tsare. Abokin nawa ya yi dariya har ya gode Allah, sannan ya ba ni aron wata kwat ta zamanin yana siriri, hannunta ya tsaya mini can sama da agogo.

A motar da ta kai mu bakin iyaka na zauna kusa da wani dattijo Bafulatani, Malam Buba, dillalin shanu. Ya tambayi inda na nufa, ni kuwa da ma neman mai saurare nake, na zayyana masa komai. Ya saurara yana cin goro, sannan ya tambaya ko takardar ita ke kamo ɓarawon. Na ce a'a, kai ne za ka kai shi ƙara. Ya ce a wace ƙasa? Na ce duk ƙasar da yake. Ya jinjina kai ya ce ashe dai wahala zan je in sayo, ita ma sai na yi tafiyar kwana huɗu. Na ji haushi, na ce a raina me makiyayi ya sani game da ilimin zamani, na juya fuskata taga. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ɓara goro ya miƙo mini rabi.

Kogi muka ƙetare a kwalekwale. A lokacin ƙasashen biyu ba sa ga maciji da juna, ɗan Najeriya abin tuhuma ne. Jandarmominsu kuma ba kamar 'yan sandanmu ba ne da za ka ce ranka ya daɗe ku ɗan yi raha. Wanda ya karɓi fasfona ya duba shi shafi-shafi, ya zazzage jakata, ya ga batir, ya ga zane da bakin waya biyu suna leƙowa, sai ya ja da baya ya kira babbansu. Kafin in ankara an zaunar da ni a ƙasa cikin rana, an cire mini takalma. Ina Turanci suna Faransanci, ba mai jin wani. Na tabbata kwanan gadirum ya kama ni.

Malam Buba ne ya cece ni, shi ɗin da na rena. Ya matso ya yi musu Fillanci a hankali, yana nuna ni yana kwaikwayon kukan 'yan tsaki. Babban ya ce in jona ya gani. Na jona da ɗan abin da ya rage a batirin. Ya ɗora hannu, ya jira, fuskarsa ta saki. Sai ya kwance bel ya naɗa gwadon a ƙugunsa, ashe ciwon baya ke damunsa. Nan take fasinjoji da masu kwalekwale suka kewaye mu kowa na son taɓawa, ni kuwa tsoro ya tafi, baki ya buɗe, na tsaya ba takalmi ina lacca, Malam Buba na fassarawa. Babban ya buga mini hatimi, ya ce gwado ɗaya zai zauna a wurinsu don bincike. Har muka bar wurin binciken yana naɗe a ƙugunsa.

A Garwa na gane Hausar da nake taƙama tana buɗe kowace ƙofa a nan baƙuwa ce. Ana ji, amma Fillanci ke mulkin kasuwa, har wanda ba Bafulatani ba da shi yake ciniki. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai ɓawo, sai ka jiƙa shi a kofi kafin dasashinka ya yarda. Mata na tuƙa babur da kansu ba mai waiwayensu. Ga yawan musafaha: mutum ya shigo ya bi kowa da hannu, ya je ya sayo sigari ya dawo ya sake bi. Da farko na ɗauka iyayi ne, daga baya na tuna mu ma mukan tsayar da mutum muna tambayarsa gida da iyali da gajiya alhali jiya muka rabu. Nan muka yi sallama da Malam Buba, na nemi gafararsa, ya ce bai san na yi masa komai ba.

Daga Gaundare jirgin ƙasa na shiga. Da yamma ya tashi, gari ya waye mana a cikin kurmi, itatuwa sun rufe sama. Da hantsi ya tsaya cik a inda ba tasha, ba wanda ya faɗi dalili, ba kuma wanda ya tambaya. Da a gida ne da tuni an kafa majalisa ana tsine wa gwamnati. Su kuwa sai suka sauko suka shimfiɗa zannuwa, mata suka ɓullo daga daji da abarba da ayaba a ka, kamar da ma sun san da zuwanmu. Dakuwar Gwaggo ta ƙare, na ga ana sayen wani abu dogo a naɗe cikin ganye, na ɗauka irin alalarmu ce. Ashe rogo ne da aka tsima, mai tsami, yana danƙo kamar roba. Wata mata da ke kusa da ni ta ga yadda nake fama, ta yago mini gasasshen kifi ta nuna mini a haɗe ake ci. Da kifin kuwa sai na ji ya shiga, har na ƙara na biyu. Sai bayan azahar jirgin ya motsa.

Yawunde gari ne na tuddai da jar ƙasa, ba ka tafiya sai hawa ko gangara. Na tambayi unguwar Hausawa, aka kai ni gidan Alhaji Ɗanbaba, mai sayar da atamfa, wanda ke saukar da baƙi. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano da fatauci, shi bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, sai dai jefi-jefi Faransanci ya faɗo ciki. Ya ba ni ɗaki, aka kawo tuwon masara da wata miyar ganye mai ɗaci-ɗaci da gyaɗa. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da na kwana na huta. Wannan ɗabi'a ta ba ni sha'awa, domin mu a Suleja yanzu, saboda yawan baƙi, mutum bai gama sallama ba an tambaye shi ɗaki nawa yake so.

Ranar farko a banza ta tafi. Na isa ofishin da sha biyu saura kaɗan, na tarar ana rufe ƙofa. Ashe da tsakar rana gari gaba ɗaya yake tafiya cin abinci, har mai gadi, sai wajen ƙarfe uku a dawo. Da aka dawo aka gaya mini baƙo ba ya shigar da takarda da kansa, sai ta hannun wakili. Alhaji ya ce ya san wata, mai sayen atamfa a wurinsa, Madam Agnes, daga yankin Kamaru mai jin Turanci, ta karanta injiniya kafin ta karanta lauya. Na shiga ofishinta cikin kwat ɗin aro, ina jan hannun rigar ƙasa.

Ta ba ni kujera, ta saurare ni ba ta katse ni ba. Na jona gwadon, ta taɓa. Sannan na fito da takardar shaiduna da hoton, na ajiye a gabanta ina jin kaina. Ta karanta har ƙasa, ta duba dangwalen matan nan ɗaya bayan ɗaya.

"Duk abin da ke nan gaskiya ne?"

"Ko a gaban alƙali," na ce.

"Shekara uku kana sayarwa a kasuwa?"

"Har da wata huɗu."

Ta ajiye takardar a hankali. "To, Malam Habibu, da hannunka ka kawo mini shaidar cewa ba za a ba ka ba."

Na ɗauka ban ji Turancin daidai ba ne. Sai ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce takardar nan ba ladan wahala ba ce, ciniki ce. Kai ka ba duniya abin da ba ta sani ba, ita kuma ta ɗauke maka hannu na wasu shekaru ka ci moriyarsa. Abin da duniya ta riga ta gani a kasuwa ya zama nata, ba ka da sauran abin sayarwa. Ta ƙara da cewa bargo mai ɗumi da lantarki Turawa sun daɗe da shi, 'yar ƙwayata kuma wasu ne suka ƙera ta, kuma cusa abin da aka sani cikin zane bai isa a kira shi ƙirƙira ba, sai in haɗin ya kawo abin da gwanin sana'ar ba zai hango da kansa ba.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na kawo mata misalin gona. Ta ce gona ɗaya ce, in ka noma ta wani ba zai noma ba, shi ya sa shaidu ke ƙarfafa ka. Dabara kuwa in ka nuna wa mutum ɗari, kowa ya tafi gida da tasa, kai ma taka tana nan. Ta tambaya ko na nuna wa wani tun da na shigo ƙasarsu. Na ba ta labarin laccar bakin kogi. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ban taɓa jin kaina wawa irin na ranar ba.

Ina haɗa takarduna sai na lura ba ta saki gwadon ba. Tana ninka shi tana warewa, tana murɗa gefensa. Ta nemi izini ta yanke ɗan zare, ta sa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan kam ba ta taɓa gani ba. Ta ce a ƙasashen waje masu manyan injuna suna ta fama da yadda waya za ta zauna cikin zare ta jure wanki da ninki, kuma ita da ta buɗe wannan ta kasa gane yadda aka kwantar da ita. Gwadon ya riga ya tafi, amma hanyar yin zaren, in ba wanda ya taɓa ganin ana yi, wataƙila a samu. Ba ta rantse ba, wataƙila ta ce. Sharaɗi uku ne: a rubuta hanyar ƙaf yadda duk mai kaɗi da ya karanta zai iya, a sa sunan wanda dabarar ta fito daga kansa, kuma kada a nuna wa kowa sai takarda ta shiga, abin da zai iya cin shekara kafin a gama rubutu da zane da fassara.

Sai ta ɗauki biro ta ce in faɗa mata yadda nake yi. Na fara kame-kame. Ta tambaya ta wane ɓangare ake murzawa, wayar ake fara sawa ko audugar, a jiƙe ko a bushe. Ko ɗaya ban sani ba. Shekara uku ina karɓar zaren nan, ban taɓa zama na ga ana yin sa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Wa ke yin zaren?"

"Gwaggona."

"Ta san ka zo nan?"

Na sunkuyar da kai. Ta miƙo mini fom, ta nuna mini layin da ake rubuta sunan mai ƙirƙira, ta ce in na shirya in rubuto mata.

Alhaji Ɗanbaba da ya ji, sai ya ce abin ai mai sauƙi ne. In koma gida in zauna kusa da tsohuwa in ga yadda take yi, in rubuta, in sa sunana. Ai ni ɗanta ne, abin gida ne, kuma me tsohuwa za ta yi da takarda? Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi. Bayan la'asar na zauna a dakalin masallacin unguwar ina juya ta. Sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Shi har ya rasu garinmu na Suleja Abuja yake ce masa, don da sunan ya tashi kafin a ɗauka a ba sabon birni. In ya ce shi mutumin Abuja ne sai baƙi su tambaye shi a wace ma'aikata yake, ya dawo gida yana huci. To masu ɗaukar sunan ai sun nemi izini kafin su ɗauka. Ni ko sallamar gaskiya ban yi wa Gwaggo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma gardin ni ne. Kunya ta kama ni sosai. Duk da haka a jirgin dawowa na ɗauki fensir na rubuta sunana a layin nan don in ga yadda zai yi, ya kuwa yi kyau. Sai a Gombe na goge.

Ranar Talata na iso gida, Laraba da hantsi na tafi Bagama. Na tarar da Gwaggo a rumfa tana kaɗi, ga alli a gefenta. Muka gaisa, ta tambayi hanya, na zauna a bakin tabarma na faɗa mata komai, har da takardar shaidun da babu ita a ciki, har da fensir. Ina jira ta yi faɗa. Ba ta ko tsayar da mazarin ba.

"Na san gwadon Injiniya ake ce masa," ta ce. "Kunnena bai mutu ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce yanzu sunanta za a sa, ita kaɗai. Ta tambaya takardar me take yi. Na ce hana kowa yin irin zaren take, sai da izininta, amma da sharaɗin kada ta nuna wa kowa sai an gama, ko da zai kai baɗi. Nan ta ajiye mazarin, ta miƙo mini hannunta na dama. Babban yatsan yana rawa, gaɓoɓin sun kumbura. Ban taɓa lura ba.

"Mu tara ne masu kaɗi a unguwar nan da aka kawo ni," ta ce. "Saura ni. Na yi ta roƙo a zo a koya, ba mai zuwa, wai aikin tsofaffi ne. Sai da wayar nan taka ta shigo. Kana can, matan kaji huɗu suka zo suka ce in koya musu, na ce su zo ran Asabar. Kai kuma ka je bangon duniya ka samo mini takardar da zan hana su."

Na ce in ta nuna musu ran Asabar shi ke nan, ƙofa ta rufe har abada, sunanta ba zai shiga kowane littafi ba. Ta ce nawa fa? Na ce nawa ma ko a matsayin ɗan aike ba zai shiga ba. Ta dube ni ta ce to wanne ya fi damuna? 

"Kai ka sha hanya, Habibu," ta ce. "In ka ce in jira, zan jira. Hannun ne ban sani ba ko zai jira."

Kwana uku na yi ina gyaran rediyo ina ɓata su. Chukwudi ya ce kada in yi hauka, dama sau ɗaya take zuwa. Binta kuwa sai daga baya na ji tana cikin huɗun. Na so takardar nan, har yanzu da nake rubutun nan ina son ta, kuma na san Madam Agnes ba za ta yi wa kowa irin wannan magana a banza ba. Amma duk lokacin da na rufe ido yatsan nan nake gani yana rawa.

Ran Asabar ban buɗe shago ba. Na warware taransifoma uku, na naɗe wayar a kan kara, na ɗauki tabarmi biyu na hau babur. Na tarar matan sun riga ni, su shida ma, don biyu sun jawo maƙwabtansu. Gwaggo ta ga wayar a hannuna, ba ta tambaye ni komai ba, ta ce in shimfiɗa tabarmin a inuwa. Na miƙa mata karan da hannuna, na san abin da nake miƙawa. Ta shafa alli, ta ja auduga, ta ɗauki bakin wayar, matan suka matso. Ni na koma gefe ina kallon abin da na yi tafiyar kwana goma sha biyar a kansa yana fita a bainar jama'a, zuciyata na zafi.

Ta kaɗa zare kamu ɗaya, sai ta tsaya ta waiwayo.

"Kai da ka iya rubutu, matso ka rubuta yadda nake yi, kada su manta." Ta nuna ni da mazarin. "Ka sa sunana a sama."

Aka samo littafin makaranta a cikin gida. Na buɗe shafin farko na rubuta Ladi mai kaɗi, Bagama, da manyan baƙaƙe. Ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce in sake, na sake. Sannan ta gyara zama ta ce wa matan kowa ta ɗauki mazarinta.